Dorinar Bui da Takardar Izini

Bahaushe ya san dorina a hannun dogari kafin ya san ta a ruwa. Da yawa daga cikin 'ya'yan zangon Tamale sun ji labarin bulalar dorina, wasu ma sun ɗanɗana ta a makarantar allo, amma ba su taɓa ganin dabbar da ake yanko fatarta ba. Alhali kuwa ba ta da nisa da mu. Duk wanda ya hau mota daga Tamale zuwa Kumasi sai ya ƙetare kogin Baƙin Volta a Buipe. In aka bi kogin nan sama, za a iso wani matsatsi tsakanin duwatsu da ake kira Bui, inda garken dorina mafi girma a ƙasar Gana ya daɗe da zama.

Tun 1925 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya hango cewa matsatsin ya dace da madatsar ruwa. A zamanin Nkrumah aka soma share fage da taimakon Tarayyar Sobiyet, sai juyin mulkin 1966 ya dakatar da komai. A 1971 gwamnati ta ayyana yankin a matsayin gandun namun daji na ƙasa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,800. Wato an mallaka wa dorina gida a filin da tuni aka shata cewa wata rana za a nutsar da shi.

Mai karatu zai ce: to, ina abin damuwa? Dabbar ruwa ce, an ƙara mata ruwa. Ba haka abin yake ba. Dorina ba ta iyo kamar kifi. A ruwa marar zurfi take wuni, ƙafafunta a ƙasa, hancinta a sama, da dare kuma ta fito ta yi kiwon gajeriyar ciyawar bakin gaɓa. Tafkin madatsa yana da zurfi, yana hawa yana sauka gwargwadon buƙatar injin lantarki, kuma abin da yake fara haɗiyewa shi ne wannan makiyaya ta bakin kogi.

Da aka sake tayar da maganar, Gana ta riga ta sami doka. Dokar 1994 ta kafa Hukumar Kare Muhalli, ƙa'idojin 1999 kuma suka wajabta cewa babban aiki irin wannan ba ya farawa sai an yi rajistarsa, an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da dabbobi da mutane, an zauna da jama'a in har za a tashe su daga gidajensu, sannan a ba da takardar izini. Kamfanin ERM na Ingila ne ya yi binciken Bui, ya miƙa rahotonsa a farkon 2007. A watan Agustan shekarar Shugaba Kufuor ya ƙaddamar da aikin, da bashin ƙasar Sin, da kamfanin Sinohydro a matsayin magini.

A nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Rahoton bai ɓoye cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na gandun zai nutse ba, bai kuma manta da dorina ba. Amma ya zo ne bayan an zaɓi wuri, ana kuma tsakiyar cinikin kuɗi. Tambayar da ta rage wa masu bincike ita ce yadda za a rage ɓarna. Ta ko a gina ko a fasa, an daɗe da amsa ta a Ankara. Tun 2001 ma an hana Daniel Bennett, Baturen da ya taɓa ƙirga dorinar Bui, ci gaba da aikinsa a gandun. Shekara ɗaya kafin rahoton, a 2006, ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa dorina cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, wannan ma bai sauya komai ba.

Ba zan yi butulci ba: madatsar tana iya ba da megawat 400, kuma wanda ya sha duhun “dumsor” a Aboabo ko Sabonjida ya san darajar wuta. An fara tare ruwa a 2011, Shugaba Mahama ya buɗe ta a Disamban 2013. Mutum 1,216 aka tasa daga ƙauyukansu, wasu aka kai su Jama. Abin da takarda ba ta iya tarewa ba shi ne abin da ya biyo ruwan: masunta suka kwararo da komarsu, 'yan galamse suka kutsa gandun neman zinari, dorina kuwa aka bar ta ta nemi mafaka can sama.

Can saman kogin, a Wechiau ta wajen Wa, sarakuna da talakawansu suka keɓe wa nasu dorinar gaɓar kogi tun ƙarshen shekarun 1990, ba tare da wata hukuma ta tilasta musu ba, suna karɓar kuɗin baƙi masu zuwa kallo. A arewa da mu kuma, kan hanyar Bolga, madatsar Pwalugu da aka ƙaddamar a Nuwamban 2019 ta tsaya cik. Dajin da ke kewayen wurin yana dab da hanyar da giwaye ke bi tsakanin Gana da Burkina Faso.