Ɗaukar waƙa a filin wasa a Kaduna

Ɗaukar waƙa a filin wasa al'ada ce ta masu sauraro, inda mutum yake naɗar muryar mawaƙi da kiɗansa a daidai lokacin da yake wasa a gaban jama'a, domin ya ajiye, ya sake saurara, ko ya ba wasu. A birnin Kaduna, musamman a unguwannin da ke arewacin kogi, al'adar ta yaɗu tun daga shekarun 1970, lokacin da rediyo mai kaset ya shiga hannun mutane, ta kuma ci gaba har zuwa zamanin wayar hannu. Abin da ya ba ta muhimmanci shi ne yanayin waƙar baka ta Hausa. Mawaƙi yakan sauya ɗiyan waƙarsa gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa, saboda haka abin da aka ɗauka a dare guda ba lallai ne a sake jin irinsa ba.

Kalmomi

Hausawa suna cewa an "ɗauki" waƙa ko an "naɗe" ta. Kalma ta biyu ta dace da yadda zaren kaset yake naɗuwa yayin da na'ura take juyawa. "Faifai" asalinsa abin da mata suke saƙawa ne don rufe ƙwarya, sai aka ba faifan garmaho wannan suna saboda kamannin da ke tsakaninsu, daga baya sunan ya bi faifan sidi, har ya kai ga bidiyon da ke cikin waya, wanda ba shi da wata siffa ta faifai. "Garmaho", "rikoda", "kaset" da "memori" duk aro ne daga Turanci. A zamanin waya kuma kalmar "tura" ce ta maye gurbin "kwafa".

Kaduna a matsayin matattarar mawaƙa

Kaduna ta zama hedikwatar Arewacin Najeriya a shekarar 1917. Ba tsohon birnin sarauta ba ne kamar Kano, Katsina ko Zariya. Gari ne na ma'aikatan gwamnati, sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa, 'yan siyasa da 'yan kasuwa. Irin waɗannan mutane su ne iyayen gidan mawaƙan jama'a, wato waɗanda ba su zauna a fadar sarki ɗaya ba.

A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Ɓangaren rediyon, wanda aka fi sani da Rediyon Kaduna, ya koma ƙarƙashin Gidan Rediyon Tarayya a 1978. An riƙa kama tashar a faɗin ƙasar Hausa har da Jamhuriyar Nijar, kuma ta ɗauki waƙoƙin mawaƙa da dama, irin su Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka ya sa masu sauraro sun saba da neman waƙar da suke so da sunanta.

Wuraren taro na garin, kamar Dandalin Murtala, filin wasa na Ahmadu Bello da otal ɗin Hamdala, duk suna arewacin kogi. A 1977 Kaduna ta karɓi babban hawan daba na bikin FESTAC, wanda ya tara sarakunan Arewa tare da makaɗansu. Ta fuskar kiɗan zamani kuwa, an san garin da Bala Miller, wanda ya rasu a 2003. Ya jagoranci ƙungiyar makaɗa mai amfani da jita, ƙaho da ganguna, ya yi waƙoƙi da Hausa, kuma an san shi da kulob ɗin Costain da shirinsa na talabijin a NTA.

Yadda wasa yake gudana

Mawaƙan baka sukan yi wasa a bikin aure, suna, naɗin sarauta, shagulgulan sallah, taron siyasa, ko ajo, wato wasan da ake shiryawa don a tara wa wani gudunmawa. Jama'a sukan kewaye fili, manyan baƙi a kan kujeru a gaba, matasa a tsaye a baya. Mawaƙi yana tsakiya da makaɗa da 'yan amshi, sanƙira kuma yana kai da komo, yana sanar da sunan wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar.

A irin wannan fili mai sauraro yana cikin wasan ne, ba ɗan kallo kawai ba. Idan mawaƙi ya ambaci wani, ya zano iyayensa da garinsu da sana'arsa, mutumin yakan tashi ya yi liƙi, abokansa su mara masa baya. Idan kyauta ta yi yawa sai waƙa ta tsawaita. Idan wani ya yi rowa, ana iya jefa masa habaici ko zambo nan take. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya kuma rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar ɗiya a tsaye, kuma Bakandamiyarsa tana da siga daban-daban saboda yakan ƙara ko ya rage a kowane wasa.

Wannan shi ne babban dalilin da yake sa mutane ɗauka. Wanda aka ambaci sunansa yana son ya mallaki shaidar hakan. Iyalan da suka yi biki suna son abin tunawa. Masoyin mawaƙi kuma yana neman sigar da ba ta cikin faifan kasuwa.

Zamanin kaset

Kafin kaset, ɗaukar sauti aiki ne na gidan rediyo da kamfanonin faifai irin su EMI, waɗanda suke da cibiya a Legas. Faifan garmaho yana ɗaukar 'yan mintoci ne, shi ya sa dole mawaƙi ya taƙaita waƙar da a fili za ta iya cin rabin awa. Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963. A Najeriya ya yaɗu sosai a shekarun 1970, lokacin arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji, inda ƙaramin ma'aikaci ma ya iya sayen rikoda.

Kaset iri biyu aka fi amfani da su: mai minti 60 da mai minti 90, wato minti 30 ko 45 a kowane gefe. Mai ɗauka yakan nemi wuri kusa da mawaƙi ko kusa da lasifika, ya ajiye rikoda mai aiki da batir, ya danna maɓallan ɗauka. Matsalolin da ake fuskanta sanannu ne: gefe ɗaya ya ƙare a tsakiyar waƙa, batir ya yi sanyi har murya ta canza, ko ƙarar kalangu ta danne kalmomi. Tare da waƙar kuma akan ji guɗa, shewa, kirarin sanƙira da hirar mutanen da ke kusa. Masu tara irin waɗannan kaset sukan ɗauki hayaniyar a matsayin alamar cewa ɗaukar ta fili ce.

Daga hannun mai ɗauka, kaset yakan bi ta hannun abokai, direbobin mota da masu shagon kaset, waɗanda suke kwafa da rikoda mai baki biyu su sayar. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar rarraba kaset a Arewa, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 a kan kafofin sadarwa a Arewacin Najeriya. Duk kwafin da aka yi daga wani kwafi yana rage ingancin sauti, kuma sau da yawa ba a rubuta komai a jikin kaset ɗin in ban da sunan mawaƙi.

Sauye-sauye bayan shekarar 2000

Rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 da na 2002 sun sa mazauna garin sun rarrabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista kuma a kudu. Yawancin wuraren shaƙatawa na dare suka fi karkata zuwa unguwannin kudu irin su Barnawa. A arewa, wasan ya fi zama a ɗakunan taro na biki, shagulgulan sallah da gangamin siyasa.

A daidai wannan lokaci waƙoƙin fina-finan Hausa, waɗanda ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, suka mamaye kasuwa, kuma Kaduna ta fitar da nata mawaƙan, kamar Umar M. Shareef. A irin wasan waɗannan mawaƙa sau da yawa ana sa waƙar da aka riga aka ɗauka ne, mawaƙi ya riƙa bin ta. Saboda haka abin da ɗan kallo yake nema da wayarsa ya koma hoto: rawa, liƙi, da shaidar cewa ya halarta. Ana yaɗa bidiyon ta WhatsApp, Facebook, YouTube da TikTok. Kafin intanet ta yi araha, shagunan masu tura waƙa a memori ne suka gaji masu shagon kaset, kuma ta hannunsu tsofaffin ɗauka da yawa suka tsallako daga kaset zuwa waya.

Haƙƙin mallaka

A al'adance mawaƙin baka yana samun abin hannunsa ne daga kyautar iyayen gida da liƙin fili, ba daga cinikin faifai ba. Kaset ɗin da ya yaɗu yana ƙara masa suna, yana kuma jawo masa gayyata, shi ya sa ba kasafai ake hana mai rikoda ba. Sai dai ribar kwafi da sayarwa takan tsaya ne a hannun 'yan kasuwa.

A dokance lamarin ya bambanta. Najeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, sannan aka maye gurbinta da dokar 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Doka ta ba mai wasa ikon amincewa ko ƙin amincewa da a ɗauki wasansa, a kwafa ko a yaɗa. Batun ya ƙara tasowa da zuwan intanet, domin mai tashar YouTube yana iya samun kuɗin talla daga tsohuwar waƙa alhali magadan mawaƙin ba su sami komai ba. Su kuma masu ɗorawa sukan kafa hujja da cewa ba don su ba da waƙoƙin sun ɓace.

Kwatanci da wasu ƙasashe

A Amurka an san ƙungiyar makaɗan rok ta Grateful Dead da barin masoyanta su ɗauki wasanninta. A 1984 ta ware musu wuri na musamman a filin wasa, bisa sharaɗin musaya ba sayarwa ba. Dalilin ya yi kama da na mawaƙan Hausa, domin su ma ba sa maimaita wasa iri ɗaya. Bambancin shi ne masoyan ƙungiyar sun riƙa rubuta rana, wuri da jerin waƙoƙi a kan kowane kaset, kuma a yau dubban ɗaukar suna cikin rumbun Internet Archive.

A kusa da gida, kiɗan jita na Buzaye ya yaɗu a Nijar da Mali ta hanyar kaset da ake ba juna hannu da hannu, daga baya ta waya. Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka zaga ta memori, har ɗaya ta shiga wani kundi da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011, abin da ya buɗe masa ƙofar wasa a Turai da Amurka.

Adanawa da nazari

Masu nazarin harshe da adabi suna amfani da ɗaukar fili domin tana adana abin da faifan kamfani yake tacewa: karin harshen mawaƙi, ko Sakkwatanci ko Katsinanci, tsofaffin kalmomi, sunayen mutane da muƙamansu, da yadda jama'a suke amsawa. Ayyuka irin su littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, da tarin waƙoƙin baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun dogara ne a kan waƙoƙin da aka ɗauka aka adana.

Zaren kaset ba ya jure zafi, ƙura da laima, na'urorin sauraronsa kuma suna ƙaranci. Kaset da yawa suna hannun iyalai, kuma mutanen da za su iya faɗin inda aka yi wasan, a wace shekara, da waɗanda aka ambata a ciki, tsufa yana cim musu. Saboda haka aikin adanawa yana da ɓangare biyu: mayar da sautin zuwa kwamfuta, da rubuta bayanin kowace ɗauka daga bakin waɗanda suka halarci wasan.