Yadda Robar Fitsari Ta Koma Hannun Majiyyaci

A shekarar 1868 ne likitan nan Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, ya fayyace wa ɗalibansa a asibitin Salpêtrière na birnin Faris cutar da ake taƙaita sunanta da MS. Cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta riƙa zaizayar rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, har saƙo ya riƙa maƙalewa a hanya. Mafitsara kuwa da wannan saƙon take aiki, shi ke ce mata ta riƙe, shi ke ce mata ta saki. In ya rikice, wani sai fitsari ya matsa masa babu zato har ya kuɓuce, wani kuma ya yi ya miƙe alhali saura na kwance a ciki. Mafi yawan masu cutar, waɗanda ƙidayar 2020 ta ce sun kai miliyan 2.8 a duniya, suna gamuwa da ɗayan biyun, ko duka biyun. Wanda ya bi tarihin wannan lalura zai ga cewa babban sauyi ya zo ne ranar da likita ya yarda ya miƙa wa majiyyaci robar fitsari ya saka da hannunsa.

Shi bututun zuƙe fitsari tsohon abu ne. Al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya siffanta na azurfa a littafinsa At-Tasrif, Ibn Sina kuma ya yi bayanin mai taushi da ake yi da fatar dabba. A 1752 Benjamin Franklin ya tsara wa yayansa wani na azurfa mai lanƙwasuwa. Bayan Charles Goodyear ya gano yadda ake sarrafa roba ta yi ƙwari, likitan Faransa Auguste Nélaton ya fito da bututun roba mai laushi. Duk da haka, a Yaƙin Duniya na Ɗaya yawancin sojojin da suka ji rauni a laka ba su kai labari ba, kuma ciwon ƙoda da gyambon kwanciya ne suka fi kashe su. Ko da Frederic Foley ya fito da robarsa mai balan-balan a shekarun 1930, wadda ke zama daram a mafitsara, an sami sauƙin jinya amma an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa dare da rana. Ke nan kayan aiki sun daɗe a hannu, yadda za a yi da su ne ya gagara.

Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, shi ya nace a riƙa saka roba a zuƙe fitsari a cire ta nan take, a maimaita duk bayan 'yan sa'o'i, kuma likita ne zai saka da safar hannu da kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Hanyar ta ceci rayuka, sai dai ta mai kwance a asibiti ce. Mai MS kuwa galibi tsakanin shekara 20 da 40 cutar ke kama shi, a gida zai rayu da ita shekaru masu yawa, ga aiki ga iyali. Nan ne Jack Lapides na Jami'ar Michigan a Amurka ya zo da fahimtarsa. A ganinsa, in mafitsara ta cika ta miƙe fiye da kima, jini kan ragu a jikinta, sai ta kasa kare kanta daga ƙwayoyin cuta. Don haka yawan zubar da fitsari ya fi tsananin tsabtar roba muhimmanci. Shi da ma'aikaciyar jinya Betty Lowe suka fara koya wa wata mata mai MS ta wanke hannu da sabulu ta saka robar da kanta, a 1972 kuma suka wallafa sakamakon majiyyata 14.

An yi wa wannan hanya suka, kuma sukar na da tushe. Masu cewa za a shigar da cuta suna da gaskiya cewa akan sami ƙwayoyin cuta a fitsarin masu yin haka, amma shekarun da suka biyo baya sun nuna fitsarin da ya kwanta ya fi ɓarna ga ƙoda. Wasu sun ce MS na kawo rawar hannu da raunin gani, to yaya mutum zai saka? Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa robar Foley, da wadda ake sakawa ta mara, ba su fita daga asibiti ba. Kuma ba kowa ake ɗora wa hanyar ba, sai an auna sauran fitsarin da na'urar hoto, likitocin Birtaniya ma kan sa ido in ya haura mililita 100. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce magunguna sun wadatar: an amince da oxybutynin a Amurka a 1975, allurar Botox a mafitsara kuma a 2011. To amma aikinsu kwantar da mafitsara mai zumuɗi ne, kuma a garin haka sukan ƙara riƙe fitsari. Shi ya sa likita kan tabbatar majiyyaci zai iya saka roba kafin a yi masa allurar.

Ba a cika samun MS a ƙasar Hausa ba, amma masu raunin laka daga haɗarin mota da na babur suna da yawa, kuma lalurar mafitsararsu ɗaya ce. Kunya ce ke sa da yawa su yi gum, su rage shan ruwa, su ƙaurace wa jama'a, har ƙoda ta taɓu. Duk wanda fitsari ke kuɓuce masa ko yake ƙin fita duka, ya gaya wa likita tun da wuri, ya kuma tambaya ko zai iya koyon saka robar da kansa.