Likitan da ya sha ƙwayar cuta don a yarda da shi

Ka san shekara da shekaru likitoci sun ɗauka damuwa da yawan asid ne ke jawo gyambon ciki, wato olsa? A birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall suka gano ƙwayar bakteriya, Helicobacter pylori, a tumbin masu ciwon. Abokan aikinsu suka ce ina! Wace ƙwaya za ta rayu cikin asid? A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki. 'Yan kwanaki kaɗan sai amai, bangon tumbinsa ya kumbura. A 2005 su biyun suka karɓi kyautar Nobel. Don haka idan olsarka ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, nemi likita ya yi maka gwajin ƙwayar, domin antibayotik na kashe ta.