Alƙalami da Tawada a Damargu: Daga Karan Gamba zuwa Bugun Inji

Ƙasar Damargu, wadda a tsarin mulkin Jamhuriyar Nijar na yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Belbeji da aka yanko daga cikinta a 2011, an fi saninta da gero da dabbobi da ayarin raƙuma, domin ita ce rumbun da mutanen Abzin suka daɗe suna auno hatsi daga gare shi. Sai dai hanyar da ta ɗauki gero zuwa arewa ita ce kuma ta sauko da takarda zuwa kudu, tun da fataken Tarabulus sukan biyo ta Gat da Abzin su yada zango a Damargu kafin su isa Damagaram da Kano. Ta wannan hanya matafiyi Heinrich Barth ya biyo, a nan Damargu ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairun 1851, kuma da ya isa Kano ya lissafa takarda cikin hajar da ake shigowa da ita daga arewa. Takardar da malamai suka fi amincewa da ita a wancan zamani ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda masana'antun arewacin Italiya, irin ta iyalan Galvani a Pordenone, suke yi domin kasuwannin Musulmi, tambarin kuwa ba ya fitowa sai an ɗaga takardar an duba ta a haske.

Takarda baƙuwa ce, amma alƙalami da tawada ƴan gida ne. Alƙalamin tsangaya, wato makarantar da ake haddar Alƙur'ani da rubuta shi, ana yin sa ne da karan gamba ko siririn karan dawa da ya bushe sarai, kuma fiƙe shi sana'a ce da almajiri yake koya tun yana ƙarami ta hanyar kallon hannun na gaba da shi. Mai fiƙewa yakan zabge gefe ɗaya na karan da aska ko reza har ya fitar da harshe, ya kwarfe ɓargon da ke ciki kaɗan domin tawada ta sami wurin zama, ya tsaga bakin a tsakiya domin ta riƙa gangarowa a hankali, sa'an nan ya datse kan a karkace gwargwadon kaurin harafin da yake so. Idan tsagar ta yi zurfi alƙalami ya yi ta zubar da tawada, idan ta gaza sai ya yi ta kartar allo ba ya bayarwa, shi ya sa marubuci na sosai ba ya rabuwa da alƙaluma da yawa, na baƙi daban, na wasali daban, na zayyana daban.

Tawada kuwa iri biyu ce, kowace da aikinta. Zuge, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaron dakwara, ita ce ta allo, saboda tana kwanciya a bisa itace ba ta shiga cikinsa, ana wanke ta da ruwa a sake sabon rubutu, kuma da ita ake yin rubutun sha. Tawadar takarda, wadda ake kira yambari, ana dafa ta ne da ƴaƴan bagaruwa da kwan maƙera da ƙaro, inda ɗacin bagaruwa yake haɗuwa da ƙarfen da ke cikin kwan maƙera ya ba da launin da ke ƙara duhu bayan ya sha iska, ya kama takarda kamun da ruwa ba ya saurin fitar da shi. A kan wannan baƙi ake ɗora ja domin wasula, da rawaya domin hamza, da kore domin alamar hamzar da ake sadarwa, bisa ƙa'idar ruwayar Warshu da ƙasashen Barno da Hausa suka gada daga Magrib, inda harafin fa yake da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisa.

Da yake Dagira, waɗanda suke cikin tsofaffin mazauna Damargu, dangin Barebari ne, kuma almajiran ƙasar sun saba tafiya Gabas neman karatu, salon rubutun da ya kafu a nan yana da dangantaka ta kusa da na Barno, mai kaurin harafi da kusurwoyi masu ƙarfi. A wannan tsari ba a cika ɗaukar mahaddaci ya kammalu ba sai ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, ba tare da duba wani littafi ba, sa'an nan ya kai wa gwanaye su bi shi harafi bayan harafi suna neman kuskure. Ba a ɗinke irin wannan Alƙur'ani, ana barin warƙoƙinsa a sake tsakanin tadarishi, wato bangon fata mai maɗauri, a saka cikin gafaka, kuma a ƙasan shafi akan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita domin kada jeri ya rikice. Ke nan kowane kwafi shaida ce a kan mutum guda, da hardarsa da haƙurinsa da malamin da ya horar da shi.

Zuwan Faransawa, waɗanda suka kama Damagaram a 1899 suka kuma mayar da birnin hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926, ya kawo wani alƙalami dabam. A lakwal, wato makarantar boko, yaro yakan yi rubutu da bakin ƙarfe mai tsini da ake cusawa a kan sanda, irin wanda aka sani da Sergent-Major, yana tsoma shi cikin tawada mai launin shuni da ke cikin ɗan kasko a ramin tebur, yayin da kwamandoji da manyan akawuna suke soke alƙalami mai shan tawada a aljihun riga. Shi wannan na biyu yana da tumbi a cikinsa da siririyar hanya da tawada take bi zuwa baki, kuma a nan ne dalilin da ya hana shi shiga tsangaya yake, domin ƙaro da garin gawayi suna toshe wannan hanya cikin ɗan lokaci, bakinsa mai tsini kuma ba ya fitar da kaurin harafin Barno. Bik, wanda kamfanin Marcel Bich ya fitar a ƙarshen 1950 kuma makarantun Faransa suka halatta shi a 1965, shi ne ya kori bakin ƙarfe daga aji da ofis, har malaman zaure suka karɓe shi domin wasiƙa da lissafi, amma bai iya hawa allo ba tun da tawadarsa ba ta wankuwa kuma ba a shan ta.

Abin da ya girgiza sana'ar marubuta da gaske ya fito ne daga kudu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, fataucin hamada ya durƙushe, Damargu ta koma sayen takarda da littattafai daga kasuwannin Kano. Daga tsakiyar ƙarni na 20 kuma maɗaba'un Kano da Zariya suka rungumi dabarar ɗaukar hoton rubutun hannu su buga shi da inji, ta yadda shafin da marubuci ya ɓata yini yana yi zai fito sau dubbai da kamanninsa. Ƴan kasuwar Kurmi ta Kano suka riƙa ba marubuta aiki, kuma a cikin waɗanda hannunsu ya yi suna ta wannan hanya babu kamar Sharif Bala na Gabari, wanda Alƙur'anansa da aka buga da launukansu suka bazu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, har yara da yawa suka tashi suna ɗaukar salonsa a matsayin ma'aunin kyakkyawan rubutu.

Ma'abota wannan fanni ba su taɓa haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya game da bugun ba. Masu maraba da shi suna duban talaka ne, domin a ƙasar da fari ya yi wa ta'adi a shekarun 1973 da 1984, inda magidanci yake sayar da akuya kafin ya ciyar da iyali, Alƙur'anin hannu ya fi ƙarfin yawancin almajirai, bugu kuwa ya sa kowane gardi ya mallaki nasa cikin harafi da ruwayar da ya saba da su. Masu ƙorafi kuma suna kawo hujjojin da sai wanda ya riƙe alƙalami yake gane nauyinsu: cewa tawadar inji shimfiɗe take, babu inda ta yi kauri saboda an tsomo alƙalami yanzu, babu inda ta yi sirara saboda ta kusa ƙarewa, cewa ja da rawaya sukan goce daga kan harafinsu idan faranti bai zauna daidai ba, wanda a Alƙur'ani ba ƙaramin aibi ba ne, cewa takardar inji tana saurin yin ja da karyewa, kuma mafi girma, cewa hannu ɗaya da aka ninka sau dubbai yana danne hannuwan garuruwa, har a wayi gari ba a iya bambanta rubutun wannan tsangaya da na waccan.

Irin wannan saɓani ba a Damargu kaɗai ake samunsa ba. Kamfanin Parker na Amurka ya fitar da alƙalami mai shan tawada da ya kira 51 a 1941, mai ɓoyayyen baki da murfin da ake zarewa, da tumbin da yake zuƙar tawada kai tsaye daga kwalba, kuma an ɗauki shekaru kusan 30 ana ƙera shi. Da aka sake fito da shi a 2021, masu tara tsofaffin alƙaluma da yawa sun yaba surarsa amma sun ƙi yarda cewa shi ne, saboda murfin ya koma na murɗawa, tumbin kuma ya koma ƴar robar tawada da ake saya a cusa. Hujjarsu ita ce ta gwanayen tsangaya, wato cewa darajar kayan aiki tana cikin yadda yake aiki a hannu, kuma kama da wane ba ta wane. Amma a can ma an sami masu cewa sabon ya sa matasa sun ji labarin tsohon har sun shiga nemansa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi dacewa da halin da ake ciki a garuruwan Damargu irin su Tanut da Tarka da Gangara a yau, domin abokin hamayyar rubutun hannu ba bugun Kano ba ne kuma. Tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, Alƙur'anai masu harafin Gabas ta Tsakiya, galibi bisa ruwayar Hafsu, suke shigowa ta hannun alhazai da makarantun Islamiyya, wayar hannu kuma ta ƙara musu ƙarfi. A gaban wannan ambaliya bugun rubutun hannu shi ne ya riƙe idon yara a kan harafin kakanninsu, kuma ba don shi ba da ɗan tsangaya ya rasa littafin da zai duba wanda ya yi daidai da abin da ke kan allonsa. Saboda haka adalci shi ne a yarda cewa bugu ya ceci sura, a kuma yarda cewa sura kaɗai ya ceta.

Sauran aikin yana wuyan mutane. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, wanda ya samo tushe daga abin da Bubu Hama ya tara, yana adana dubban littattafan hannu, kuma ya kamata waɗanda suke cikin gafakokin gidajen malaman Damargu su sami irin wannan kulawa ta ƙidaya da ɗaukar hoto tun gara da ɗigon damina ba su gama da su ba. Sai dai ɗaukar hoto ma wani nau'in bugu ne, yana adana abin da aka riga aka rubuta, ba ya haifar da marubuci. Abin da zai haifar da shi shi ne masu hali su ci gaba da ba gwanaye aikin rubuta Alƙur'ani suna biyan su haƙƙin watannin da suka ɓata, iyaye su daraja allon zayyana a ranar sauka, malaman tsangaya kuma su dage cewa almajiri ya iya fiƙe alƙalaminsa da dafa tawadarsa kafin a kira shi mai rubutu. Idan aka yi haka, maɗaba'u za su ci gaba da samun sabon hannu da za su buga, in kuwa ba a yi ba, za su yi ta maimaita hannun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya ba tare da magaji ba.