Tauraruwar da ke kan kwabo mai huji

Duk wanda ya riski kwabo mai huji, ko ya tsinci ɗaya a ƙasan adakar kakarsa, zai ga wata tauraruwa mai tsini shida ta kewaye hujin. Matasan yau da sun gan ta sai su ce ai tambarin Yahudawa ne Turawa suka cusa mana a kuɗi. Zargin yana da saurin shiga kunne, tunda irin tauraruwar ce a tutar Isra'ila. Amma sawunta ba can ya nufa ba. Kontagora ya nufa.

A farkon 1901 sojojin Turawan Ingila na Lugga suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garin. Cikin ganimar da suka kwasa har da wata buta ta tagulla da jan ƙarfe, an yi mata zane ko'ina, a kan murfinta kuma ga kusurwa uku-uku guda biyu sun sarƙe da juna. Lugga da kansa ya ba da wannan labari a wata wasiƙa da aka buga a 1940, ya ce a iya tunawarsa shi ya ba da shawarar a mai da zanen tambarin Arewa. Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sai tambarin ya zama na Nijeriya baki ɗaya: koriyar tauraruwa a cikin jan da'ira, da kambin sarautar Ingila a tsakiyarta, a kan shuɗiyar tuta.

To me ya kai wannan zane murfin butar sarki Musulmi, jinin Shehu Usmanu? Amsar tana hannun malaman zaure. Su sun san shi da Hatimin Annabi Sulaimanu, suna zana shi a laya da allo don neman tsari, kuma ba su kaɗai ba: tsofaffin fulusan Maroko suna ɗauke da shi, haka ma gine-gine da dama a ƙasashen Musulmi. Maƙerin da ya zana shi a murfin nan abin da ya gada ya zana. Yahudawa ma sun daɗe da sanin alamar, amma zamanta tambarin siyasarsu ya kankama ne da taronsu na birnin Basel a 1897, tutar Isra'ila kuwa sai 1948. Kafin nan da shekara arba'in da ɗaya, a 1907, an riga an buga tauraruwar a kwabo da anini, har da rubutun Larabci a jikinsu don mutanenmu su iya karantawa.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne yadda aka ɗauko alamar tsari daga gidan wanda aka ci da yaƙi, aka ɗora mata kambin wanda ya ci shi, aka maido wa talaka ita a kuɗin da zai biya haraji. Shi ya sa da 'yanci ya ƙarato ba wanda ya tsaya mata. Tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana, kore da fari, ta maye gurbinta ranar 1 ga Oktoba 1960. A kwabo ta ɗan yi saura, don ko kwabon Tarayya na 1959 yana da ita, har Naira ta zo a 1973 aka sauya kuɗin.