Kifin wa? Tarihin su, Sarkin Ruwa da dokar kamu, daga Kazaure zuwa bakin teku

Shirinmu na yau wani mai sauraro ne ya jawo shi, ɗan Kazaure da ke karatu a Amurka. Ya ce shi da abokansa sun yi karo-karo sun ɗauki shatar jirgin kamun kifi a tsibirin Hawayi, suka wuni a teku, suka kamo ƙaton kifi. Da aka dawo gaɓa sai mai jirgi ya yanka musu ɗan abin da za su soya, ya ce sauran na jirgi ne. Tambayarsa ita ce: wannan ba zalunci ba ne?

To ɗan'uwa, mai jirgi bai cuce ku ba. A Hawayi tsohuwar al'ada ce cewa kifin da aka kama a jirgin shata na mai jirgi ne da yaransa, sai abin da aka yi yarjejeniya a kai tun kafin a tashi. Kuɗin da kuka biya na jirgi ne da mai da ƙwarewar direba. A Kosta Rika kuwa akwai manyan kifayen da doka ta ce mai kamun nishaɗi ya kama, ya mayar ruwa da ransu. Ƙasar Nowe a 2006 ta sa wa baƙi iyakar kilo 15 na kifin da za su fita da shi daga ƙasar, saboda wasu na zuwa yawon buɗe ido suna komawa da mota cike da kifi. Don haka kafin mutum ya biya kafin alƙalami, ya tambaya: in an kama, na wa ne?

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne mamakin da ya yi. Ɗan Kazaure fa! Wannan tambaya ta "kifin wa" kakanninmu sun daɗe da amsa ta, kuma amsarsu ba ta yi nisa da ta mai jirgin nan ba.

Ku tuna yadda ƙasarmu take. Roni da Gwiwa duwatsu ne da tuddai, Babura rairayi ne har bakin iyakar Nijar. Ba mu da babban kogi irin na Yawuri ko na Argungu. Koguna irin su Gari da Tomas da damina suke kawo ruwa, rani na yi su janye, su bar tafkuna da gurabe a fadama. A nan kifi ke maƙalewa: tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu, da gaiwa wadda ke shigewa cikin laka ta jira wata daminar. Kifin da ya taru a wuri ɗaya, ba shi da hanyar gudu, mutum goma za su iya kwashe shi a dare ɗaya. In da an bar kowa ya yi yadda ya ga dama, da ba a kai ko tsakiyar rani da kifi ba.

Maganin da ƙasar Hausa ta samo shi ne sarautar Sarkin Ruwa da kuma ranar su. Sarkin Ruwa ne ke rufe tafki, shi ke buɗewa. Idan ya rufe, ko ɗansa bai isa ya jefa birgi ba. Idan ruwa ya ja sosai, kifi ya girma, sai a sa rana, a yi shela a kasuwanni, mutanen ƙauyuka su zo da homa da gora, a faɗa ruwa lokaci ɗaya. Abin da ka kama naka ne, amma ba duka ba: a wurare da dama akwai kason Sarkin Ruwa, akwai na mai gari ko mai tafkin. Ka ga ke nan, wanda ya jiƙe ba shi kaɗai ke da kifi ba. Ni a ganina wannan kaso ba cin zali ba ne, ladan tsaro ne, domin wani ne ya hana idonsa barci wata da watanni don kada a sace kifin kafin ranar.

Malamai ma sun sa baki a lamarin. A littattafan fiƙihu, sayar da kifi yana cikin ruwa na daga cikin misalan da ake bugawa na cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san yawansa ba kuma ba a da tabbacin samunsa. Kifin kogi ba na kowa ba ne sai ya shiga hannu. Shi ya sa rigimar ba a kan kifin take ba, a kan wa ke da izinin shiga ruwan take.

Wurin da wannan tsari ya fi shahara kowa ya sani, Argungu. Bikin da ake yi yanzu ana danganta farkonsa da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Mutane na kallon hoton dubban masunta suna rugawa cikin Matan Fada, suna ganin hargitsi ne. Alhali abin da ke ba wannan sa'a guda armashi shi ne dogon hanin da ya gabace ta, don an hana su a wannan yanki sai lokacin biki. Ba a yarda da komai ba sai kayan gargajiya. A 2020 giwan ruwan da ya ci gasa kilo 78 ne. Kuma dokar tana da haƙora: a 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa kifin da ya gabatar ba a wurin gasar aka kama shi ba. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Mu dawo gida. Abin da ya sauya mana lissafi shi ne dam. A zamanin Audu Baƙo, gwamnan tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa gadan-gadan. Bagauda da Tiga su suka fi suna, amma arewacin jihar ma ya samu rabonsa, kuma Kazaure, wadda a lokacin cikin Jihar Kano take kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, ta samu nata, kamar Dam ɗin Muhammadu Ayuba. An yi su ne don ruwan sha da noman rani, kifi gyara ne. Sai dai gyaran ya zama sana'a. Ruwan da a da ke ƙafewa yanzu yana nan shekara zagaye. Kwale-kwale ya shigo, kalli da mamari suka shigo, masunta daga wasu garuruwa suka zo cin rani wasu suka zauna.

A nan tambayar ta rikice. Tafki na gari ne, kowa ya san mai shi. Dam kuwa gwamnati ce ta gina. To wa zai rufe, wa zai buɗe? Ruwan da ba ya ƙafewa ba shi da ranar su guda ɗaya, kullum ranar su ce. Gwamnatin tarayya ta fito da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa a 1992, zamanin Babangida. Ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wajen inci uku ke nan, don ƙananan kifi su sulale su girma. Doka ce mai kyau a takarda. Amma ma'aikacin da ke ofis ba ya bakin ruwa da ƙarfe uku na dare. Shi ya sa a tafkin Kainji, da aka tashi hana jan taru mai kwashe 'ya'yan kifi a shekarun 1990, sai da aka jawo sarakunan gargajiya da shugabannin masunta cikin aikin kafin a ga haske.

A fadamar Haɗeja da Nguru kuwa rigimar dumba ce, wato shingen da ake gitta wa ruwa, a jera gura, duk kifin da ya biyo hanya ya faɗa. Mai dumba ya cika kwando, na ƙasa da shi ya tashi hannu rabbana. Wani abin dariya, Ingila ta yi irin wannan rigima tun 1215: cikin yarjejeniyar Magna Karta da aka tilasta wa Sarki Jon ya amince da ita, akwai sashen da ya ce a cire shingayen kifi daga kogin Tems.

Kada kuma a ɗauka ruwa mai yawa ba ya ƙarewa da kifi. A 1992 Kanada ta rufe kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar Niyufanlan, inda aka shafe kusan shekara 500 ana kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Teku ke nan, balle dam ɗin da za ka iya hango ɗaya gaɓar tasa.

Abin da ke damuna yau shi ne gidan sauro. Wanda ake rabawa kyauta don mata da yara, shi wasu ke ɗinkewa su ja a ruwa, su kwaso ƙarfasar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ku duba tiren mai soya kifi a tasha da yamma, ku dubi girman abin da ke kai. Yawancin manyan tarwaɗar da kuke gani na kiwo ne, daga kwatami suka fito, ba daga dam ba. Samarin da ke jan gidan sauron nan sa'o'inmu ne, wasu ma suna sauraren shirin nan a waya.

Wanda ke da Sarkin Ruwa a garinsu, a Roni ne ko Gwiwa ko Babura, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi watan da ake rufe ruwa a da, da kason da ake fitarwa, da hukuncin wanda aka kama da dare. Ya ɗauko muryarsa in ya amince, ya turo mana, za mu sa a shiri na gaba. Sai mun haɗu.