Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Tumbin Dabba: Abin da Mai Kiwo Ya Kamata Ya Sani

Ba kowace ƙwayar bakteriya ce ke sa cuta ba. A tumbin saniya da tunkiya da akuya akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, miliyoyi a cikin ɗigon ruwa ɗaya, kuma su ne ke narkar da karan dawa da harawa da ciyawa. Dabbar da kanta ba ta da sinadarin narkar da kara. Ƙwayoyin ne ke ruɓar da shi, su fitar da abin da ke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Su kuma idan sun gangara hanji sai su zame mata abincin gina jiki. Ke nan mai turkar rago ƙwayoyin tumbi yake ciyarwa, su kuma su ciyar da ragon.

Wannan magana ta shafi Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kai tsaye. Rashin tsaro da satar shanu sun sa mutane da yawa sun rage kora dabba daji, sun koma ɗaurewa a gida. Dabbar da ta saba da kiwo, rana ɗaya ta koma cin dusa. Ga shi a 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ƙarshen rani (ta 2025 a farkon Yuni ta zo), lokacin da harawa ta yi tsada, kowa ya karkata ga dusa da hatsi.

Yadda tumbi ke lalacewa

Ƙwayoyin da ke cin kara daban, masu cin hatsi daban. A ce ka sayo Balami ko Uda a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, washegari ka cika masa kwano da gero ko masara don ya yi saurin ƙiba. Masu cin hatsi za su hayayyafa cikin 'yan sa'o'i, su zuba tsami mai yawa, tsamin ya kashe masu cin kara. Sai ka ga rago ya daina tuƙa, ya ƙi abinci, gefen cikinsa na hagu ya kumbura, yana zawo mai warin tsami, wani har ya riƙa ɗingishi. Idan abin ya yi tsanani yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Haka ke faruwa ga akuyar da ta faɗa rumbu ko ta shanye ragowar tuwon biki.

Maganin tun farko haƙuri ne. Tumbi na buƙatar mako biyu zuwa uku kafin ya saba da sabon abinci. A fara da ɗan dintsi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a raba sau biyu ko uku a yini. Da safe a fara ba da harawa ko ƙowa kafin dusa, domin tuƙa ce ke kawo yawu, yawun kuma shi ke rage tsamin tumbi. Kanwar da iyayenmu ke ajiye wa dabba ta lasa tana taimakawa ta wannan fuska, amma ba ta ceto ragon da ya riga ya kwanta.

Hanya ta biyu ta lalata tumbi ita ce ɗura maganin kashe ƙwayoyin cuta ta baki ba tare da dalili ba. Kafso ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. Tarayyar Turai ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabba don ƙiba tun 2006. Mu nan har yanzu akwai mai buɗe kafso ya kaɗa a ruwan dusa.

Mayar da ƙwayoyin

Abin da ya fi aiki ga babbar dabba shi ne ruwan tumbin wata lafiyayya. Akan samo shi a mayanka daga dabbar da aka yanka yanzu-yanzu, a tace, a rufe shi da ɗuminsa don iska na kashe ƙwayoyin, a ba marar lafiyar ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan aikin malamin dabbobi ne: ɗuri ba bisa ƙa'ida ba na tura ruwa huhu, kuma ana iya ɗauko wata cutar daga wadda aka yanka.

Jarirai lamarinsu daban. Ɗan akuya ko maraƙi tumbinsa bai fara aiki ba, nono yana wucewa ne kai tsaye. Abu na farko shi ne ya sha dakashi cikin sa'o'i shida na farko. Ƙwayoyin tumbi kuwa daga uwa yake samu, wajen lasa da cin abinci tare. Kindirmo mai tsafta, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin Lactobacillus, yana iya taimaka wa hanjin mai zawo, amma ruwan gishiri da sukari ne ke hana shi bushewa. Kuma ko na dabba ne ko na iyali, a tafasa madara kafin a zuba mata tsohon kindirmo, saboda tarin fuka da cutar ɓari ta burusela suna bi ta ɗanyen nono.

Na cikin leda

Furobayotik, kamar yadda masana na FAO da WHO suka fayyace a 2001, ƙwayoyi ne masu rai da ke amfanar jiki idan an sha isasshe. A lura da kalmar "masu rai". Ledar da ta wuni a rana kan tebur a kasuwar Kaura, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wataƙila gari kawai ya rage a ciki. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye a inuwa, kada a haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ɗaya. Ya fi nuna amfani ga 'yan tsakin gidan gona, waɗanda ba su taɓa zama ƙarƙashin kaza ba balle su ɗauki ƙwayoyinta, da dabbar da ta sha doguwar tafiya a mota ko ta gama shan magani. Ragon da ke cin harawa yana tuƙarsa lafiya ba ya buƙatarsa; ƙungiyar da ke da 'yan kuɗi gara ta saye harawa da kaka, tun tana araha, ta adana.